Lamba 720,720: yadda ake gane halin babbar lamba daga tubalanta

“Malam, Allah ya ƙara basira. A wata gasar lissafi an tambaye mu: wace lamba ce mafi ƙanƙanta da duk lambobin da ke tsakanin 1 da 16 za su raba ta ba saura? Ban samu ba. Da aka fito aka ce amsar 720,720 ce, kuma wanda ya warware mana ya ce lambobi har 240 ne ke raba ta, ya jero wasu sunaye da ake kiran irinta da su. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya mutum zai kalli babbar lamba irin wannan ya san halinta ba tare da ya gwada raba ta da kowace lamba ɗaya bayan ɗaya ba? Kuma rabe-raben nan da ake yi wa lambobi, suna da wani amfani ko sunaye ne kawai?”

Amin, ɗana, kai ma Allah ya yi maka buɗi. Idan na fahimce ka, abu biyu kake nema: hanyar da ake bi a san ciki da wajen babbar lamba ba tare da an kwana ana rabawa ba, sai kuma ko sunayen da ake laƙaba wa lambobi suna da tushe. Na ji daɗi ƙwarai da ya zamana 720,720 ce ta haɗa mu, don a duk lambobin da ba su kai miliyan ba babu wadda na fi son ɗorawa a allo kamarta. Na daɗe ina koyar da wannan fanni, amma har yau idan na rubuta ta nakan ja da baya in dube ta kafin in ci gaba.

Ka fara jin girmanta tukuna. Da za ka zauna ƙirga ta, lamba ɗaya a kowane sakan, ba barci ba hutu, sai ka yi kwana 8 da awa 8 da minti 12 cif, ko sakan ɗaya ba zai yi saura ba. Gwada raba ta da kowace lamba da ke ƙasa da ita aiki ne na wanda bai da abin yi. Akwai gajeriyar hanya, kuma duk amsar da zan ba ka a kanta take tsaye.

Tubalan da aka gina ta da su

Akwai lambobin da babu mai raba su sai 1 da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka dai har illa masha Allahu. A aji ina kiransu tubala, don da su ake gina duk sauran. Kowace lambar ƙirga da ta wuce 1, ko dai ita kanta tubali ce, ko kuma an ninka tubala ne aka same ta, kuma hanyar ginin ɗaya ce tak. Ko ta ina ka fara rushe 60, a kan 2, 2, 3 da 5 za ka ƙare. Tushen wannan magana yana cikin aikin Yuklid na Girka wajen shekara 300 kafin miladiyya, sai Gawus na Jamus ya shimfiɗa ta da cikakkiyar hujja a 1801.

To ɗauki biro mu rushe taka. Ta ƙare da sifili, saboda haka cika ce, 2 za ta shiga. Rabinta 360,360. Rabin wannan 180,180. Sake rabawa, 90,090. Sake, 45,045. Nan mun iso mara, 2 ta gama aikinta bayan ta shiga sau huɗu. Sai 3: ta mai da 45,045 zuwa 15,015, ta sake mai da shi 5,005, daga nan ta ƙi. Sai 5 ta ba mu 1,001. Sai 7 ta ba mu 143. Sai 11 ta bar mana 13, wadda ita ma tubali ce. Rabawa tara kacal, an gama:

720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13

Tubala goma ne, iri shida. Wannan layi guda shi ne takardar shaidar lambar. Ka riƙe shi, don ba za mu sake taɓa ita lambar da rabawa ba, shi kaɗai za mu riƙa tambaya.

Tambayar gasarku ma daga nan take warwaruwa. Kuskuren da na fi gani wurin ɗalibai shi ne su ninka komai, 1 sau 2 sau 3 har zuwa 16, su fito da 20,922,789,888,000. Lallai duk lambobin suna raba wannan, sai dai an yi ɓarnar tubala. Idan ka riga ka tanadi 2 guda huɗu saboda 16, to 2 da 4 da 8 duk sun sami abin da suke bukata a ciki. Idan ka tanadi 3 guda biyu saboda 9, to 3 ta samu. Ita 6 aron 2 ɗaya da 3 ɗaya za ta yi, 12 ta ari 2 biyu da 3 ɗaya, 14 ta ari 2 da 7, 15 ta ari 3 da 5. Abin da ya zama dole kawai shi ne 16, 9, 5, 7, 11 da 13. Ninka su, ga 720,720. Ba za a iya rage ko tubali ɗaya ba: cire 2 guda ka koma 360,360, sai 16 ta ƙi shiga. Ita kuwa 17 ba ta cikin ginin, shi ya sa take barin saura 5, kuma mai son shigar da ita sai ya yi tsalle zuwa 12,252,240.

Daga ina 240 ta fito

Duk lambar da ke raba 720,720, da tubalan nan goma aka gina ta, babu baƙo. Ke nan ƙirga masu rabawa daidai yake da ƙirga hanyoyin ɗiba daga cikinsu. Wajen 2 kana da zaɓi biyar: kada ka ɗauki ko ɗaya, ko ka ɗauki ɗaya, biyu, uku ko huɗu. Wajen 3 zaɓi uku. Wajen 5, 7, 11 da 13 kowace zaɓi biyu, ka ɗauka ko ka bari. Tunda zaɓin wuri ɗaya bai hana na wani ba, sai a ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 240. Wanda bai ɗauki komai ba ya sami 1, wanda ya kwashe duka ya sami lambar kanta.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne wannan zaɓi na “kada ka ɗauki ko ɗaya”. Wata shekara wata ɗaliba mai ƙwazo ta kawo mini takardarta da amsa 8, ta ninka 4 da 2 da 1 da 1 da 1 da 1. Ban ce mata komai ba, na ce ta gwada hanyarta a kan 12. Ta sami 2. Na ce ta jero masu raba 12 da hannu. Ta rubuta 1, 2, 3, 4, 6, 12, ta ƙirga shida, ta yi shiru tana kallon takardar. Can sai ta ɗora yatsa a kan 3 ta ce, “Wannan ai babu 2 a cikinta.” Tun daga ranar, duk ƙa'idar da zan koyar a kan manyan lambobi sai na sa an fara gwada ta a kan 12, inda ido zai iya ganin komai. Kai ma ka riƙi wannan ɗabi'a.

Don ka san cewa 240 ba ƙaramin abu ba ne: idan aka ɗauki duk lambobi daga 1 zuwa 720,720 aka fitar da matsakaicin yawan masu raba su, bai kai 14 ba. Miliyan ɗaya cur, da duk kwarjininta, 49 gare ta, don 2 da 5 kaɗai aka gina ta da su, kowace sau shida.

Mai giɓi, kammalalliya, mai rara

Rabo mafi tsufa a sunayen da aka jero maka ya fito ne daga Nikomakus, wani masanin Girka da ya rayu wajen shekara ta 100 miladiyya. Ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, a gwada jimlar da ita. In jimlar ta gaza, lambar mai giɓi ce, kamar 8 da masu raba ta 1, 2, 4 suka tsaya a 7. In ta zo daidai, kammalalliya ce, kamar 6 da 28 da 496 da 8,128. In ta zarce, mai rara ce, kuma 12 ce ta farko.

Nan ma ba sai ka tara lambobi 240 ba. Kowane tubali ka tara abin da za a iya ɗiba daga gare shi. Na 2: 1, 2, 4, 8, 16, jimla 31. Na 3: 1, 3, 9, jimla 13. Sauran kuwa 6, 8, 12 da 14, wato kowane tubali da ƙarin 1. Ninka waɗannan shida ka sami 3,249,792. Ɗebe lambar kanta, saura 2,529,072, fiye da ninkinta uku da rabi. Mai rara ce ƙwarai da gaske. Har ma uku kawai daga cikin masu raba ta sun isa su mayar da ita: rabinta 360,360, sulusinta 240,240 da sudusinta 120,120, ka haɗa su ka gani.

Amma gaskiya sunan “mai rara” shi kaɗai bai faɗa maka wani abin kirki ba. Kusan lamba ɗaya cikin kowace huɗu mai rara ce, kuma duk ninkin 6 da ya wuce 6 yana ciki. Suna ne mai araha. Abin da ya bambanta taka shi ne yawan rarar: jimlar masu raba ta gaba ɗaya ta ninka ta sau 4.509, kuma babu wata lamba ƙasa da ita da ta kai wannan. Masana biyu, Alaoglu da Erdos, sun yi nazarin lambobi masu irin wannan fifiko a 1944.

Yadda ake zama zakara

Nan ne nake son mu ɗan daɗe, don nan daɗin yake. Ka yi tunanin kana tafiya daga 1 kana hawa, kana riƙe da takarda, duk lokacin da ka haɗu da lambar da masu raba ta suka fi na duk wadda ka wuce sai ka rubuta ta. Za ka rubuta 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360, 720 da sauransu. Kafin ka kai miliyan guda 38 kacal za ka rubuta, kuma ta 38 ɗin ita ce 720,720. Wadda ta gabace ta, 665,280, tana da 224. Ba za a doke 240 ba sai a 1,081,080, mai 256. Waɗannan zakaru su ne Srinivasa Ramanujan, ɗan Indiya, ya yi wa dogon nazari da aka buga a Landan a 1915, lokacin yana jami'ar Kambirij tare da Hardy, masanin lissafi ɗan Ingila. Nazarin ya yi tsawon da sai da aka yanke wani ɓangarensa saboda ƙungiyar da ke bugawa tana fama da ƙarancin kuɗi, kuma ragowar ba ta fito ba sai 1997.

Me ke sa lamba ta zama zakara? Ka ɗauke shi kamar ciniki. Duk tubalin da ka ƙara yana da tsada, don yana kumbura lambar, yana kuma da riba, don yana ƙara masu rabawa. Wanda ya nace wa tubali mafi araha shi kaɗai, ya jera 2 sau 19, zai sami 524,288, amma masu raba ta 20 ne kawai, saboda ribar kowace sabuwar 2 raguwa take yi: ta farko ta ninka masu rabawa biyu, ta biyu ta ƙara rabi, ta goma sha tara da ƙyar ta motsa su. Wanda kuma ya bi ɗaya gefen, ya ce shi sabon tubali kawai zai riƙa saye, 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 kowanne guda, zai sami 510,510 mai 128. Ya fi na farko nesa ba kusa ba, amma ya biya 17 da tsada alhali da kuɗin 17 ɗin zai iya sayen ƙarin 2 guda biyu da 3 guda, ya ma yi canji. Zakara ita ce wadda a kowane mataki ta sayi abin da ya fi riba a kan farashinsa.

Daga wannan tunani siffar zakaru take fitowa, kuma kai ma za ka iya ganin dalilin. Ba sa tsallake tubali: da wata lamba za ta ƙunshi 17 babu 13, sai ka cire 17 ka sa 13, masu rabawa ba su ragu ba amma lambar ta ƙanƙance, ke nan ta farkon ba zakara ba ce. Haka kuma ƙaramin tubali ba ya kasa babba yawa: da 3 za ta fi 2 yawa, sai ka musanya su ka sami ƙaramar lamba mai masu rabawa daidai da na da. Dubi taka: huɗu, biyu, ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya, kamar matakala mai gangarowa. Ramanujan ya kuma nuna cewa tubali na ƙarshe sau ɗaya yake zuwa a duk zakarun, in ban da 4 da 36.

A cikin zakarun ma akwai gwanaye, waɗanda Ramanujan ya ware da ma'auni mafi tsauri, kuma jerinsu yana da kyan gani: 2, 6, 12, 60, 120, 360, 2,520, 5,040, 55,440, 720,720. Kowace daga wadda ta gabace ta aka samo ta da ƙarin tubali guda: sau 3, sau 2, sau 5, sau 2, sau 3, sau 7, sau 2, sau 11, sau 13. Ka ga tsarin cinikin da idonka, a sayi sabo, a koma a ƙara tsoho mai araha, a sake sayen sabo. Ka kuma duba 'yan gidan da lambarka ta fito. Akwai 12 ta dozin da watannin shekara. Akwai 60 da mutanen Babila suka gina ƙirgarsu a kai, wadda har yau take cikin mintin agogo. Akwai 360 ta digirin da'ira. Akwai 5,040 da Aflatun, masanin falsafar Girka, ya zaɓa ta zama yawan gidajen birnin da ya tsara a tunaninsa, don ana iya kasa ta daidai gida biyu, uku, har zuwa goma. Mutane sun daɗe suna laluben waɗannan lambobi saboda bukatar rabo ba rigima, tun kafin a san sunansu.

Amfaninta a aikin hannu kuwa, duk wanda ya taɓa tara guntayen lamba ya san shi. In aka ce ka haɗa 1 da rabi da sulusi da rubu'i, haka har zuwa ɗaya bisa goma sha shida, lambar ƙasa da za ta ɗauke su duka ita ce 720,720, kuma amsar 2,436,559 bisa 720,720 ce, ba ta kuma raguwa.

Hali da riga

Yanzu ga amsar rabin tambayarka na biyu. Sunayen da ake ba lambobi ba darajarsu ɗaya ba, kuma ga ma'aunin da nake ba ɗalibaina: ka tambayi kanka, in aka rubuta lambar da wani tsarin ƙirga, wannan siffa za ta tsira? Muna ƙirga goma-goma ne saboda al'ada. Kwamfuta biyu-biyu take ƙirgawa, kuma a wurinta lambarka ita ce 10101111111101010000. Ina maimaicin 720 da 720 da ya burge ka? Ya tafi. Jimlar alƙalumanta da take 18 a wurinmu ta koma 12. Amma masu raba ta suna nan 240, rararta tana nan, zakarancinta yana nan. Waɗannan su ne hali, zanen dutse. Siffofin da suka dogara da yadda aka rubuta ta kuwa riga ce, ana sauyawa.

A cikin na riga akwai sunan da wani malamin lissafi ɗan Indiya, Kaprekar, ya ba lambobin da jimlar alƙalumansu ke raba su, wato Harshad. Taka tana ciki, 18 ta shiga cikinta sau 40,040. Abin nishaɗi ne, ba na raina shi, yara da yawa ta irin wannan ƙofa suka shigo lissafi. Sai dai ga lambar da kusan kowace ƙaramar lamba ke raba ta, wannan ba labari ba ne.

Duk da haka riga takan tona asirin mai ita. Duk lambar da aka rubuta alƙaluma uku aka maimaita su, kamar 253,253 ko 720,720, ninkin 1,001 ce, ita kuwa 1,001 ita ce 7 × 11 × 13. Saboda haka gogaggen ido da ya ga lambarka ya riga ya ga tubala uku kafin ya ɗauki biro, saura 720 kawai, wadda ita ce 1 × 2 × 3 × 4 × 5 × 6. Haka sifili huɗun da ke ƙarshen rubutun kwamfuta, 2 guda huɗun nan ne suka leƙo.

Sauran tambayoyin da layin nan yake amsawa

Murabba'i ce, wato wata lamba sau kanta? A'a, don da haka ne da kowane tubali ya zo bibbiyu, ga 5 ita kaɗai. Da ma yawan masu rabawa ya nuna: suna zuwa ne biyu-biyu, ƙarami da babban abokinsa, murabba'i kaɗai ke da na tsakiya marar aboki, shi ya sa nasa yawan yake zama mara. Abokan da suka fi kusa da juna a nan su ne 840 da 858. Tsakiyarsu 849, kowanne da tazarar 9, saboda haka 849 sau kanta, 720,801, in ka ɗebe 81 ka dawo kan lambarka daidai.

Za a iya rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu? Ba za a iya ba, kuma ba sai ka gwada ko sau ɗaya ba. Ƙa'idar da ta samo asali daga Fermat na Faransa ta ce tubalan da ke barin saura 3 in an raba su da 4, irin su 3, 7, 11, dole kowanne ya zo bibbiyu. Ita 3 ta cika sharaɗi, 7 da 11 sun karya shi. Da murabba'i uku kuwa tana yiwuwa: 848, 40 da 4, kowace sau kanta, sun ba da 719,104 da 1,600 da 16. Jimlar lambobi masu bin juna fa, kamar 240,239 da 240,240 da 240,241? Wannan yana bin yawan masu rabawa na mara, su 48 ne, ka cire ɗaya, hanyoyi 47. Lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa tubali ko ɗaya da ita ba su 138,240 ne, ƙasa da ɗaya cikin biyar.

Har maƙwabtanta ta shafa. Ƙara mata 2, 2 za ta raba sakamakon. Ƙara 3, 3 za ta raba. Haka har 16. Ke nan daga 720,722 zuwa 720,736, lambobi 15 a jere, babu tubali ko ɗaya. Ita 720,721 da ke manne da ita ta kuɓuce wa duk ƙananan tubalan nan shida, har mutum ya yi zaton tubali ce, amma 71 × 10,151 ce.

Inda hanyar take tsayawa

Wannan maƙwabciyar ta kawo mu ga iyakar abin da na koya maka. Lambarka ta rushe cikin rabawa tara ne saboda duk tubalanta ƙanana ne. Ƙarin 1 kacal, sai da aka bi tubala har zuwa 71 kafin a sami ƙofa, kuma sanin tubalan 720,720 bai gaya mana na 720,721 ba, illa dai ya ce ba su ne waɗancan ba. Ga lamba mai alƙaluma shida wannan ba matsala ba ce, don gwajin ba ya wuce tushen murabba'inta, wato lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da ita, a nan tubalan da ke ƙasa da 849. Amma in lambar tana da ɗaruruwan alƙaluma, kuma manyan tubala biyu ne aka ninka, babu wata sananniyar hanya mai sauri ta rushe ta da kwamfutocin da muke amfani da su. A kan wannan wuya aka gina tsarin ɓoye saƙo na RSA a 1977, wanda aka daɗe ana tsare mu'amalar intanet da shi. A 2020 an rushe wata lamba irin wannan mai alƙaluma 250, kuma aikin ya ci abin da ya kai kimanin shekara 2,700 da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce ta yi shi. Gane cewa lamba tubali ce ya fi rushe ginanniya sauƙi sosai, shi ya sa a Oktoban 2024 aka iya tabbatar da tubali mai alƙaluma 41,024,320.

Su kansu rabe-raben akwai tambayoyinsu da har yau ba a rufe ba. Kammalallun lambobi 52 aka sani, duk cika ne, kuma babu wanda ya kawo ta mara ko ya kawo hujjar cewa babu ita. Wadda ta fi taɓa lambarka kuwa ita ce wannan. A 1984 Guy Robin na Faransa ya nuna cewa hasashen da Riman, masanin lissafi na Jamus, ya yi a 1859 mai alaƙa da yadda tubala suke warwatse a cikin lambobi, wanda yake cikin matsaloli bakwai da aka sa wa kowace ladar dalar Amurka miliyan ɗaya a shekarar 2000, daidai yake da cewa rarar kowace lamba da ta wuce 5,040 ba ta tsallake wani shinge da ake lissafawa daga girmanta. Ga 720,720 shingen yana wajen 4.634, ita kuma tana 4.509. Tana ƙasa, amma ka ga kusancin. In har akwai lambar da za ta tsallake, to a cikin dangin nan masu matsananciyar rara za a sami irinta, shi ya sa masu bincike su suke bi suna aunawa. Wanda ya ce maka sunayen nan ado ne kawai, wannan kaɗai ya ishe ka amsa.

Ga aikin da zan bar maka, ɗana. Akwai wasu lambobi huɗu ƙasa da miliyan da su ma suke da masu rabawa 240, ta farkonsu 831,600. Rushe ta da hannunka kamar yadda muka yi, ka tabbatar da 240 ɗin, ka nemo lamba ta farko da ta ƙi raba ta, sannan ka fitar da jimlar masu raba ta ka gwada da 4.509. In ka gama ka aiko mini da abin da ka samu, tare da takardar aikin, don ina son in ga hanyar da ka bi.